Mai Tsinke, Bindigar Baffa

A garinmu, can gefen Farin Dutse a ƙasar Gwaram, idan bindiga ta tashi a yau, uwa kan suri ɗanta ta faɗa cikin dawa ba tare da ta tsaya neman mayafi ba. Ni kuwa na tashi a zamanin da ƙarar bindiga ke fito da mu daga gida a guje, muna rige-rigen isa inda ta tashi. Shekaruna hamsin, ba zan kira kaina tsoho ba tukuna, amma na rayu har na ga ƙara guda ta sauya ma'ana a kunnen mutanen gari guda, kuma wannan ya isa ya sa mutum ya ji kamar an kwashe ƙasar da ya taka yana yaro an kai ta wani wuri. Labarin da zan bayar na bindiga ɗaya ne, da mutumin da ya riƙe ta, da yadda ta ƙare a hannuna.

Baffa ƙanen mahaifina ne, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin nawa, tun ban iya ɗaura wa akuya igiya ba. Manomi ne mai ƙarancin magana, wanda idan ya gama alwala yakan daɗe a tsugune yana kallon ruwan da ya zuba a ƙasa. Bai taɓa zama maharbi ba, ban kuma taɓa ganin ya shigo gida da ko zomo ba. Amma a ɗakinsa, sama da ƙofa, a kan wasu turaku biyu da aka kafa a bango, akwai bindiga naɗe cikin tsohon gwado, wadda duk faɗin yankinmu babu irinta. Baki biyu gare ta. Tana karyewa a tsakiya kamar gwiwar mutum, a ɗura mata harsashi ta baya, a mayar a rufe. A samanta akwai ƙarafa biyu a miƙe kamar kunnuwan zomo, su ake ja baya a ɗana. Bututunta kuwa, idan Baffa ya goge shi da man kaɗe ya juya shi a rana, sai ka ga wani zane a cikin ƙarfen yana murɗewa kamar tufkar igiya. Mu yara mun ɗauka aljanu ne suka yi mata ado.

Sunanta Mai Tsinke, kuma daga harsashinta ta samo sunan. Kwanso ne na tagulla mai tsawon ɗan yatsa, a gindinsa kuma, daga gefe, wani ɗan siririn ƙarfe ya leƙo waje kamar tsinken sakace. Idan aka ɗura harsashin, tsinken nan kan zauna a wata 'yar tsaga da ke saman bututu, kansa a waje. Kunnen bindiga ya faɗo a kansa, shi kuma ya tayar da wutar da ke ciki. Baffa na ajiye harsasan a cikin burgami, wata 'yar jakar fata, kowanne naɗe da auduga don kada ya gogi ɗan'uwansa, kuma ba su da yawa, yaro ma zai ɗebe su a tafin hannuwansa. Ba a sayar da su a kasuwar Gwaram, ba a sayar da su a Birnin Kudu. Wani ɗan'uwanmu direba ya taɓa zagaya Kano da guda a aljihu yana nunawa, ya dawo ya ce masu sayar da kayan farauta dariya suka yi ta yi masa. Saboda haka ba a yar da kwanso. Duk wanda aka harba, Baffa zai ɗauke shi da zafinsa ya kai wa Sarkin Maƙera, su rufe kansu a maƙera su sake cika shi. Abin da suke yi a ciki ban taɓa gani ba. Daga waje dai mukan ji numfashin zuga-zugi ya tsaya cak, alamar an kashe wuta ke nan, sai ƙus-ƙus ɗin dattawa biyu da warin albarushi. Doka ɗaya ce a gidanmu game da burgamin nan, kowane yaro ya haddace ta kafin ya haddace sunayen kakanninsa: ba a taɓa tsinke.

Akwai wasu bindigogin a gari, amma duk harba-ka-ruga ne, ƙirar maƙeranmu, waɗanda ake ɗurawa ta baki: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sandar ƙarfe, a zuba 'yan ƙarafa, a sake dannawa, kafin ka gama dabbar da ka gani ta kai Ningi. Maharba kan zo su tsuguna a ƙofar gidanmu su roƙi Baffa ya ba su aron Mai Tsinke ko na yini guda, shi kuwa ya ba su fura ya sallame su. Ko da kaka, lokacin da birai ke saukowa daga duwatsu su afka wa dawa, ba ya sauke ta. Mu ake turawa. Da asuba za a tashe mu, mu ɗebo ruwa, mu kai awaki bakin fadama, sannan mu haye kan dutse da majajjawa da tsofaffin gwangwanaye mu yini muna kaɗawa muna ihu har murya ta dushe. Daga can sama kana jin garin gaba ɗaya: luguden mata a tsakar gidaje, kukan jaki a hanyar rafi, bugun masaba a maƙera, karatun allo yana tashi yana sauka. Wata rana, bayan birai sun yi mana ɓarna mai yawa, na ce da Baffa ai harbi ɗaya zai kore su har ƙarshen kaka. Ya dube ni ya ce, “Biri ba ya cikin waɗanda take yi wa magana.”

Aikinta ɗaya ne: sanar da ganin wata. Idan watan azumi ya tsaya, ko na Sallah, Liman kan aiko ladan wurin Baffa, Baffa ya fito fili ya harba sama. Mutanen da ke bayan duwatsu, da rugagen Fulani, da 'yan ƙauyukan da babu mai zuwa musu da labari kafin gari ya waye, da wannan ƙarar suke sanin gobe za a tashi da azumi ko za a sha ruwa. Sun san muryarta. Ta harba-ka-ruga a shaƙe take, kamar an fasa tulu a cikin ɗaki. Ta Mai Tsinke kuwa a buɗe, mai kaifi, takan daki dutse ta dawo.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda wani saurayi ya dawo daga cin rani a Kano da rediyo mai ɗaukar tashoshi da yawa. Azumi ya zo ƙarshe, an sha ruwa, an yi Magariba, kowa ya fito fili yana duban yamma, amma hadari ya rufe inda watan zai fito. Mata na tsaye a bakin zaure ba su san ko su jiƙa shinkafar Sallah ko su tanadi sahur ba. Sai ga saurayin nan a guje, rediyo a kafaɗa.

“Baffa, an ga wata! Yanzun nan aka faɗa, wallahi da kunnena na ji!”

“Madalla,” in ji Baffa. “Kai ka gani?”

“A'a, amma ai rediyo ya ce an gani a wurare da dama.”

“To rediyon ya je ya gaya wa Liman.”

Mutane suka fara taruwa, samari na ta ƙunƙuni. Akwai wata taubashiyar Baffa, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ita kaɗai ce a garin ke iya gaya masa abin da ta ga dama. Ta ratso taron tana dogara sanda ta ce, “Kai dai faɗi gaskiya, tsohuwar taka ta yi sanyi, kamar mai ita. Miƙo ta nan in ɗan ɗumama maka ita a murhu.”

“Da daddawarki za a ɗura mata,” in ji Baffa, “ai da ba sai an harba ba. Warin kaɗai zai sanar da Gwaram.”

Aka kwashe da dariya, amma bai motsa daga kan buzunsa ba. Sai da aka kusa kiran Isha'i ladan ya iso yana haki, ya ce Liman ya ce labari ya tabbata daga wurin Hakimi. Sannan Baffa ya miƙe, ya shiga ɗaki ya fito da ita. Ya karya ta a tsakiya, ya buɗe burgami, ya kwance audugar harsashi guda, sai kuma ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya miƙo mini.

“Tsinke sama,” ya ce. “Kada ka danna shi, kada kuma ka ji tsoronsa.”

Na zura shi, na ji tsinken ya zauna a tsagarsa da wata 'yar ƙara da ni kaɗai na ji. Baffa ya rufe, ya ɗana, ya ɗaga ta sama. Da ta tashi sai da na ji abin a haƙorana. Ƙarar ta tafi ta daki dutse ta dawo, hayaƙi fari ya lulluɓe mu, mata suka rangaɗa guɗa. Can kuma, daga bayan duwatsu, wata harba-ka-ruga ta amsa, wata ta karɓa daga nesa da ita, wata kuma can inda sai ka kasa kunne, kowane ƙauye yana miƙa wa na gabansa. Da muka koma gida na tambaye shi me ya sa ya bar mutane suna jira alhali rediyo ya riga ya faɗa. Ya ce, “Kwanso ɗaya magana ɗaya ce. In na gaya wa mutanen bayan dutse su sha ruwa gobe, ya zamana ba haka ba ne, da wane baki zan janye?” Yanzu kuwa kafin a gama sallar Magariba saƙonni sun cika waya, wannan ya ce an gani, wancan ya ce ba a gani ba, wani ya turo hoton watan bara, kuma babu wanda zai kwana da nauyin abin da ya tura.

Sai da na je jami'a a Kano na san mece ce Mai Tsinke. A ɗakin karatu, ina neman wani abu daban, na buɗe wani littafi a kan tarihin makamai, sai ga hoton harsashin Baffa, har da tsinkensa. Na zauna na karanta a tsanake. Ashe tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa da shekaru masu yawa wani maƙerin bindigogi a ƙasar Faransa ya ƙago shi. Kafin nan ko a can ta baki ake ɗura bindiga, kamar dai yadda maharbanmu ke yi, a tayar da wutar da dutsen ƙyastu ko da 'yar hular tagulla. Shi ne ya haɗa albarushi da harsashi da abin tayar da wuta a kwanso guda, ya bar tsinke a waje don kunnen bindiga ya samu abin bugu. An yi yayinsa na wani zamani, har sojoji sun riƙe shi, sannan aka gane cewa tsinken da ke waje hatsari ne, domin idan harsashi ya faɗi a kansa yana iya tashi. Sai aka ƙago wanda ake bugu a tsakiyar gindinsa, irin wanda ake amfani da shi har yau, mai tsinke ya zama tsohon yayi. Zanen da ke jikin bututun ma na samu bayaninsa: siraran ƙarafa ne ake murɗawa a naɗe a kan sanda, a yi ta bugu da zafi har su haɗe. Da na zo hutu na zauna na kwashe duk wannan na gaya wa Baffa, ina jin kaina. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Ashe ita ma baƙuwa ce.” A ranar ya gaya mini cewa kakansa, wanda ya yi fatauci zuwa Damagaram, shi ya zo da ita. Ko saya ya yi, ko ba shi aka yi, ko a hannun wa ta fito, ban tambaya ba. Ina ɗalibin tarihi, ga tarihi zaune a kan buzu a gabana, ni kuwa na fi son in ji muryata.

Ba a daɗe ba abubuwa suka fara lalacewa. Sarkin Maƙera ya rasu, 'ya'yansa suka koma gyaran babur, babu mai sake cika kwanso. Sannan 'yan fashi suka fara tare hanyar 'yan kasuwa, aka fara jin harbi a lokutan da ba na ganin wata ba. Shekarar ƙarshe da Baffa ya harba Mai Tsinke, babu ƙauyen da ya amsa. Da safe aka zo aka gaya masa cewa wata mata a bayan dutse ta kwana a cikin gero da jaririnta, tana tsammanin an shigo. Dagaci bai ce masa komai ba, shi da kansa ya naɗe ta a gwado ya mayar kan turaku, bai kuma sake sauke ta ba, bai sake yin zancenta ba har ya bar duniya. A shekarar da ya mayar da ita kan turaku, ɗansa na ƙarshe, wanda muke kira Auta, yana rarrafe. Ya tashi bai taɓa jin muryarta ba. Abin da ya gada game da ita shi ne dokar nan kawai, ba tare da dalilinta ba.

Bayan rasuwar Baffa ba a saka ta cikin rabon gado ba. Aka ce ta gida ce, babban gida ke da magana a kanta, babban gida kuwa yanzu ni ne, ko da yake ina zaune a Birnin Kudu ina koyar da tarihi a makarantar sakandare. Ta ci gaba da zama a ɗakin da Auta ya gada. Na sha yin niyyar kai ta inda ake adana kayan tarihi. Na taɓa zuwa wani irin wannan wuri na yi bayani. Wanda na tarar ya saurare ni da ladabi, ya ce ba sa karɓar bindiga sai da izinin hukuma. Na je neman izinin, aka ce sai an ga bindigar. Bindigar kuwa ba ta hawa titi sai da izini. Na dawo gida na ce bari a kwana biyu, aka kwana shekaru. A aji nakan ba ɗalibaina labarinta, su dube ni da idon da ake duban mai ba da labarin mafarki, wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko zai fito a jarrabawa.

Bara da damina masu satar mutane suka shiga wani ƙauye da ke kusa da namu, suka tafi da wani magidanci da ɗansa. Samarin garinmu suka haɗa ƙungiyar sintiri, Auta na cikinsu, yanzu magidanci ne mai 'ya'ya ƙanana. Makamansu gora ce da adda da kwari da baka, sai 'yan harba-ka-ruga da suka rage. Ina makaranta wata safiya Inna, matar Baffa wadda ta raine ni, ta sa aka kira mata ni a waya. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

“Ka zo yau,” ta ce. “Auta ya sauke bindigar Baffanku, wai wurin mai walda zai kai ta.”

Na shiga mota zuwa Gwaram, na hau acaba. A rumfar mai walda da ke bakin tasha na same su, Auta da abokansa na sintiri. Mai Tsinke na kwance tsirara a kan benci, tsakanin wani salansan babur da ƙyauren ƙofa. Auta ya rusuna ya gaishe ni.

“Yaya, sannu da zuwa. Inna ce ko?”

“Ina harsasan?”

Ya zazzage burgamin a kan benci. Kwansunan tagulla suka gangaro, babu auduga, kowanne da ɗan rami a gefensa.

“Ina tsinkayen?”

“Ai mun zare su.”

“Kun yi me?”

Wani abokinsa, dogo mai hular sanyi, ya karɓe. “Malam, ai makulli ne. Irin na tukunyar kashe gobara da ke gidan mai, sai an zare take aiki. Shi ya sa tsoho ya hana yara taɓawa. Muka sa filaya muka zare su gaba ɗaya don su zama a shirye. Da muka gwada a bayan gari kuwa, ko tari ba ta yi ba. Harsasan sun mutu, tsufa ne.”

“Ina kuka zuba su?”

Suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Ƙasan rumfar cike yake da guntayen ƙusoshi da ƙarshen sandunan walda da ɓarɓashin ƙarfe, an tattake su cikin baƙin mai. Na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Yaran nan ba wawaye ba ne. An ba su doka ba a ba su dalili ba, suka nemo dalilin a inda idonsu ya saba gani. Ni da na san dalilin, a Birnin Kudu nake faɗa wa 'ya'yan wasu.

Mai walda, wani matashi mai fara'a da baƙin tabarau a goshi, ya ce in kwantar da hankalina. Zai huda ta ta baya, ya sa mata allura a tsakiya, ta riƙa cin harsashin zamani. Aikin yini guda ne.

Na ce ba zai yiwu ba. Na ɗauki bindigar na nuna musu zanen da ke jikin bututun, na ce wannan ba ado ba ne, sawun ɗinki ne, ƙarafa ne aka naɗa aka haɗe da bugu, tsatsa kuma na iya bin sawun ta ciki inda ido ba ya gani. Na ce albarushin da aka ƙera ta dominsa turawa yake yi, na harsashin zamani kuwa naushi yake yi. “In ta fashe, a nan za ta fashe,” na ce, na ɗora yatsa. “Daidai inda hannunka na hagu yake riƙe.”

Auta ya saurare ni har na gama, kamar yadda ubansa ke yi.

“Yaya, ka taɓa ganin ta fashe, ko a littafi ka gani?”

“A littafi.”

“To.”

“Kada ka ce mini to! Hannunka nake gaya maka, Auta, da idanunka!”

“Ni kuma 'ya'yana nake gaya maka,” ya ce, muryarsa ba ta ɗaga ba. “Kai kana kwana a Birnin Kudu, ga jami'an tsaro, ga babban asibiti a bayan gidanka. Mu nan da gora muke tsayawa a bakin gari. Mutanen nan in sun ji ƙarar bindiga ta gaske sukan canza hanya. Ga bindiga a ɗakina tana cin man kaɗe, ka ce in bar ta ta yi ta kwana?”

Na ce to ya ba ni ita in tafi da ita.

“Ɗauka,” in ji dogon nan. “Shingen jami'an tsaro nawa ne daga nan zuwa gidanka, Malam? In sun tsayar da kai sai ka ce musu tarihi ce.”

Suka yi dariya, ban da Auta. Na ce to a mayar da ita ɗaki, a naɗe ta yadda take.

“Zan mayar,” in ji Auta. “Kai ne babba, in ka ce a bari an bari. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, Yaya. Ranar da aka sake shiga wani ƙauye zan sauke ta in kawo ta nan, kuma wannan karon Inna ba za ta sani ba.”

Na san gaskiya ya faɗa, domin gidanmu ba a iya ƙarya ba. Na tsaya da ita a hannuna, ina jin nauyinta, ina jin santsin ƙotar inda tafin mutum uku ko huɗu na gidanmu ya cinye itacen. Ba zan iya tafiya da ita ba. Ba zan iya barinta ba. Ba ni da wata da zan ba shi a madadinta, ko da ina da hali ba zan sayo wa ƙanena bindiga a ɓoye ba. Shekara da shekaru ina cewa ni kaɗai na san darajar abin nan, ga shi duk abin da sanin nawa ya iya haifarwa bai wuce abu ɗaya ba. Na tambayi kaina ko tsoron hannun Auta ne ke tura ni, ko kuwa baƙin cikin kada a mayar da ita abin da ba ita ba, na ga ba zan iya raba biyun ba, kuma babu lokacin zama a raba.

Na ɗora ta a kan benci na ce da mai walda, “Yanka ta.”

“Na'am, Malam?”

“Bututun. Daga nan. In ka gama ka sake yankawa a nan.”

Ya sauke tabarau daga goshi, ya mayar, ya dubi Auta. Can a tasha masu lodin mota na ta kiran Birnin Kudu. Auta ya dube ni. Sannan ya ce, “Yayana ne. Yi abin da ya ce.”

Aka tayar da janareta. Injin yankan ya kama ƙarfen da wani kuka mai shiga ƙashi, tartsatsi na zuba a kan takalmana, ban matsa ba. Bai ɗauki lokaci ba. Guntun farko ya faɗi ƙasa, na biyu ya bi shi. Mai walda ya ɗauki ɗaya da tsumma, ya hura, ya juya bakin yankan a rana. Na matso ina neman ramukan tsatsar da zan nuna wa Auta. Wurin fari ne tas, yana ƙyalli.

“Kai, Malam,” in ji mai walda, “ƙarfe ne mai kyau fa. Ba a yin irinsa yanzu.”

Na buɗe baki in ce kyawun wuri ɗaya ba ya nuna lafiyar sauran, in ce ƙarfe mai kyau ma yana da iyakar abin da zai ɗauka, sai na ga babu wanda ke kallona. Auta ya sunkuya ya ɗauki gorarsa da ya jingine a jikin rumfa.

“Allah ya kiyaye hanya, Yaya,” ya ce. “In sun zo, zan gaya musu yayana ya yi karatu.”

Ya juya ya bi hanyar gida, gora a hannun dama, na hagu yana lilo a gefensa da yatsunsa cif, bai kuwa waiwayo ba.